Ƙarar "Kwaram-Kwaram" Daga Birkin Baya: Yadda Ake Gano Ta da Taimakon Waya, da Yadda Ake Gyara Ta

Mota tana tafiya shiru a kan kwalta mai kyau. Da zarar ta sauka kan gargada, ko ta hau tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, sai a ji "kwaram-kwaram" daga baya, kamar an zuba ƙusoshi a gwangwanin madara. Mai motar ya je gareji, makanike ya girgiza motar a tsaye, ba a ji komai ba. Daga nan sai a fara canke: yau a canza shokazoba, mako mai zuwa a canza bushin, kuɗi na ta fita, ƙara tana nan inda take.

Sau da yawa abin da ke wannan ƙarar yana cikin birkin baya, kuma ƙaramin ƙarfe ne da bai kai kuɗin datar wata guda ba. Wani lokacin kuma alama ce ta cewa wani abu na shirin kwancewa daga jikin birki, wanda ba a wasa da shi. Ana iya bambance su tun kafin a taɓa sufana.

Gwajin farko: a ɗora ƙafa a kan birki

A samu hanya marar kwalta wadda ba cunkoso, a sauke gilashi, a kashe rediyo da na'urar sanyaya mota. A yi tafiya a hankali, kamar kilomita 20 a awa, har ƙarar ta fara. Sai direba ya ɗora ƙafa a kan birki kaɗan, ba don ya tsaya ba, iya dai yadda zai ji motar ta ɗan yi nauyi. Idan ƙarar ta ɗauke nan take, ta kuma dawo da an ɗage ƙafa, to daga birki take. Idan ta ci gaba kamar ba a yi komai ba, sai a nemi laifin a wani wuri.

Dalilin hakan yana cikin yadda aka ƙera birkin. A motar da ke da faifai a baya, wanda makanikai ke kira dis, akwai takalman birki biyu, wato fad, ɗaya a kowane gefen faifan. Ba a ɗaure su da noti ba. Kowanne yana da kunnuwa biyu da ke zaune a cikin wani mariƙin ƙarfe, suna zamewa gaba da baya. Kalifa, wato ƙarfen da ya rungume su yake matse su, shi ma ba a kafe yake ba, yana zamewa ne a kan wasu ƙusoshi biyu masu santsi da ake kira fin. Ke nan duk kayan a sake suke da gangan, domin su iya motsi. Abin da ke hana su kaɗawa shi ne wasu siraran ƙarafa masu tsalle da ake kira kilif, da giris da robar da ke jikin fin. Idan aka taka birki, fistin yana tura fad ya manne da faifai, kalifa ya miƙe ya tsaya cak, duk wata 'yar tazara ta rufe. Shi ya sa ƙarar ke ɗaukewa.

Saura a tabbatar cewa baya ne ba gaba ba, domin ƙara a cikin mota tana yaudarar kunne. Nan hambirki ke da amfani, tunda tayoyin baya kawai yake kamawa. A wannan tafiyar ta a hankali, direba ya riƙe maɓallin hambirki a danne, ya ɗaga shi kaɗan. Idan ƙarar ta tsaya, an gano gefen. Ba a yin wannan gwajin da gudu, ba a yin sa a kwana ko kan jiƙaƙƙen titi, kuma ba a yin sa ko kaɗan da motar da hambirkinta maɓallin lantarki ne.

Aikin da waya za ta yi

Babbar matsalar irin wannan ƙara ita ce ba ta fitowa a gareji. Don haka a kai wa makanike ita a waya. Direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, wani ya zauna a kujerar baya ya ɗauka. Bidiyo ya fi rikodin murya, saboda wasu wayoyin suna tace hayaniya idan ana ɗaukar murya, sai su share ainihin abin da ake nema. A ɗauka sau biyu a hanya ɗaya da gudu ɗaya, sau ɗaya a tagar dama, sau ɗaya a ta hagu. Mai ɗaukar ya riƙa faɗin "an taka" da "an saki" a daidai lokacin da direba ya yi, ta yadda duk wanda ya saurara zai ji inda ƙarar ta ɗauke.

Rikodin yana kuma amsa wata tambaya mai muhimmanci: ƙarar tana bin ramukan hanya ne, ko tana bin juyawar taya? Tayar da aka rubuta wa 205/55 R16 tana cin kusan mita biyu a kowane juyi. A gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a daƙiƙa, tana juyawa kusan sau biyar a daƙiƙa ɗaya. Idan aka ji "ƙwas, ƙwas, ƙwas" a jere, tana ƙara sauri idan an ƙara gudu ko da a kan kwalta mai santsi, to wani abu ne ke taɓa abin da ke juyawa. Idan kuwa ba ta da tsari, sai an faɗa rami take fitowa, to wani abu ne a sake. Manhajoji irin su Spectroid a Android suna zana sauti a allo, a ga bugun a jere da ido, amma kunne ma ya isa.

Masu son na'urori su sani cewa 'yar na'urar nan ta OBD2 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth ba za ta nuna komai a nan ba. Kwamfutar mota ba ta san kilif ya faɗi ba. Abin da ya fi ta amfani shi ne tocilan ɗin waya, da 'yar kyamarar nan mai doguwar waya da ake soka wa a USB a leƙa lungu, da ma'aunin zafi mai kama da bindiga. Bayan tafiyar 'yan kilomitoci ba tare da yawan taka birki ba, idan aka auna aka ga faifan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, akwai abin da ya cije a wannan gefen. Ba a auna wannan da yatsa, faifan birki yana ƙona fata.

Kafin a ɗora wa birki laifi

A buɗe but a fitar da komai. Jak, sufanar taya da safaya da ba a ɗaure ba sun sa mutane da yawa sun kashe kuɗi a banza. A buga lambar mota ta baya da hannu a ji ko tana kaɗawa. Waɗanda suka mayar da motarsu mai amfani da gas na CNG su duba ƙarafan da suka riƙe tukunyar. Idan salansa ta huce, a girgiza ta, a kuma duba siririn gwangwanin da ke samanta mai tare zafi, domin ya shahara wajen irin wannan ƙara. Sai 'yan sandunan nan na sitabilaiza da bushin ɗin shokazoba, waɗanda ƙararsu ta fi kauri, "gum-gum", kuma taka birki ba ya kashe ta.

A gwada notin taya ma. Taya mai sako-sako tana ƙwanƙwasa, kuma ita ce mafi haɗari a duk jerin.

Wane irin birki ne a bayan motar?

Ba duka motoci ne iri ɗaya ba, kuma haska tocila ta cikin wili zai nuna. Yawancin Corolla ta 2003 zuwa 2008 da aka shigo da su daga Amurka doram ne a bayansu, wato wani kwanon ƙarfe rufaffe da takalma biyu masu lanƙwasa a cikinsa. Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake wa laƙabi da Muscle, faifai ne, amma a tsakiyar faifan akwai ɗan ƙaramin doram a ɓoye mai nasa takalman, wanda birkin ajiye mota kaɗai ke amfani da shi. Accord ta 2008 zuwa 2012, wato Evil Spirit, faifai ne, kuma hambirkinta kalifan kansa yake matsewa. Wannan bambancin yana canza ma'anar gwajin hambirki. A Accord, idan ƙara ta ɗauke da hambirki, fad ne ko kalifa. A Camry kuwa, idan birkin ƙafa bai kashe ƙarar ba amma na ajiye mota ya kashe ta, matsalar tana cikin ɗan doram ɗin nan na ɓoye, inda mutane da yawa ba su ma san akwai wani abu ba.

Abin da aka fi samu idan an cire taya

Na farko, kuma mafi yawa, kilif ne. Ko dai ya yi laushi saboda zafi da shekaru, ko ya karye, ko kuma babu shi gaba ɗaya. Wannan na ƙarshen yana faruwa fiye da yadda ake zato. An zo canza fad, sabon ya ƙi shiga saboda tsatsa ta taru a ƙarƙashin kilif, sai mai aikin ya cire kilif ɗin ya jefar, ko ya goge kunnen fad da giranda har ya shiga ba wahala. Birki zai kama lafiya lau, mai mota ya biya ya tafi, bayan kwana biyu a fara jin kwaram-kwaram. Saboda haka tambayar farko da mai mota zai yi wa kansa ita ce: yaushe aka taɓa birkin nan na ƙarshe? Idan ƙarar ta fara bayan canjin fad, kusan an gama bincike. Akwai kuma fad mai arha wanda tun daga masana'anta kunnuwansa ba su cika ma'auni ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: fad ya zame ciki da waje da turin yatsa, amma kada ya yi motsi sama da ƙasa.

Na biyu fin ne. A kama kalifa da hannu a girgiza shi. Ɗan motsi kaɗan ba laifi ba ne, amma idan yana bugawa har ana jin ƙara, fin ya cinye, ko raminsa ya buɗe, ko giris ya bushe. A motoci da yawa ɗaya daga cikin fin biyun yana da 'yar roba a bakinsa, aikinta kenan hana kaɗawa. Idan ta lalace, ko aka sauya wa fin biyun wuri lokacin mayarwa, ƙara za ta fito. Yanayinmu ma yana da hannu: da zarar robar da ta rufe wuyan fin ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris ta zama kamar samfefa, damina kuma ta zo ta ƙara da ruwa da tsatsa.

Na uku shi ne farantin nan na siririn ƙarfe da ke bayan faifai, mai tare ƙura da tsakuwa. Motocin da suka yi rayuwarsu ta farko a Kanada ko arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sukan iso da wannan farantin ya ruɓe a wajen notinsa, sai ya riƙa lilo. Wani lokaci lanƙwashewa ya yi yana goga faifai, ko tsakuwa ta maƙale tsakaninsu. Idan lanƙwasa ce kawai, ana tura shi baya da hannu ko da sukudireba, aikin minti biyu.

A cikin doram kuwa, babba ko na ɓoye, takalman suna zaune ne da taimakon sifirin: wasu na janyo su ciki, wasu ƙanana na danne su a jikin farantin baya. Idan ɗaya ya karye, gutsuren yana yawo a cikin kwanon, a riƙa jin "kacau-kacau" ko gurzawa. Wayar hambirki ma takan kuɓuce daga maƙalinta a ƙarƙashin mota ta riƙa dukan ƙarfe.

Inda ba a jira

Akwai alamun da idan an gan su, ajiye motar ake yi. Idan aka ji bugu guda mai ƙarfi duk lokacin da aka taka birki, musamman idan an canza daga gaba zuwa ribas, yana iya zama notin kalifa ne ya kwance. Idan ya fita gaba ɗaya, kalifa na iya ɗagowa ya daki cikin wili, har ya kulle tayar ana cikin gudu. Haka nan idan fatar takalmin doram ta ɓalle daga ƙarfenta, tana iya cushewa ta riƙe tayar. Birkin da ya yi laushi yana nutsewa ƙasa, man birki da ke tsiyaya ta bayan taya, warin ƙuna daga gefe ɗaya, jan fitilar birki da ta kama a dashbod, ko ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe, duk ba na "bari sai an yi albashi" ba ne.

Birkin gaba ne ke ɗaukar kaso mafi girma na tsayar da mota, shi ya sa wasu ke raina na baya. Amma na baya ne ke riƙe motar a miƙe idan an taka da ƙarfi, kuma da yake fad ɗinsa yakan daɗe bai ƙare ba, sai a yi shekaru ba wanda ya buɗe wajen.

Gyaran kansa

Wanda ya saba da sufana zai iya aikin kilif da fin a gida. A tsaya a wuri mai faɗi da tauri, a sa giya ɗaya ko P, a tare tayoyin gaba da dutse ko katako ta gaba da ta baya, domin dole a saki hambirki kafin kalifa ko doram ya fita. A sassauta notin taya tun motar tana ƙasa. Bayan an ɗaga, a tokare ta da ƙafar ƙarfe ta musamman. Jak ɗin da ke zuwa da mota na canjin taya ne, ba a sa hannu ko kai a ƙarƙashin motar da shi kaɗai ya riƙe, kuma bulon siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba.

Kafin a kwance komai, a ɗauki hoto ta kowace kusurwa. A doram wannan wajibi ne, saboda sifirin ɗin suna da yawa kuma kowanne da raminsa. A yi gefe ɗaya a gama kafin a buɗe ɗayan, don ya zama abin dubawa.

A cire kalifa a rataye shi da waya a jikin sifirin ɗin mota, kada a bar shi yana reto a kan tiyon man birki. A cire fad da tsofaffin kilif, a kankare tsatsar mazauninsu da buroshin ƙarfe har ƙarfen ya fito fes, sannan a danna sababbi su zauna daram. Ƙurar birki ba a hure ta da baki ko da iskar mai faci, domin wasu takalman, musamman masu arha, suna iya ƙunsar asbestos mai lahani ga huhu. A wanke ta da feshin wanke birki ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

A zaro fin ɗaya bayan ɗaya, a goge, a duba. Wanda ya yi rami-rami ko ya sirance a tsakiya, canza shi za a yi, tare da robarsa. A nan ne ake yawan kuskure: giris ɗin da ake sa wa boris ko man juye ba su dace da fin ba. An yi su da man fetur, kuma suna kumbura irin robar da ake amfani da ita a birki, sai fin ya cije bayan 'yan watanni, fad ɗaya ya cinye ya bar ɗaya. Giris na silikon ake sawa, ko wanda aka rubuta a jikinsa cewa na birki ne. A shafa ɗan kaɗan a kunnuwan fad ma, amma ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fad ko faifai.

Tunda an buɗe, a auna fad. Idan naman ya sauko kusan milimita 3, lokacin canji ya yi, kuma dama da hagu ake canzawa tare. A gefen faifai akwai rubutun MIN TH da lamba, wato kaurin da bai kamata ya gaza ba. Idan sabon fad za a sa, sai an mayar da fistin ciki, kuma a nan motoci sun bambanta. Na Camry ɗin da aka ambata tura shi ake yi kai tsaye. Na Accord kuwa, da ire-irensa masu tsaga a fuska, murɗa shi ake yi ana turawa. Wanda ya matse shi da ƙarfin tsiya zai lalata na'urar hambirkin da ke cikinsa. Motocin da hambirkinsu na lantarki ne, irin Civic daga 2016 da Accord daga 2018, suna da ɗan injin lantarki a jikin kalifa, kuma akwai tsarin da ake bi a janye shi kafin a taɓa fistin, galibi da na'urar bincike. Wannan aikin a bar wa wanda ke da kayan.

Notin fin ƙanana ne, a yawancin ƙananan motoci tsakanin Nm 20 da 35 ake ɗaure su, littafin motar zai faɗi adadin. Notin taya kuwa Nm 103 ne a Corolla da Camry, 108 a Accord. Tsayawa a kan sufana da ƙafa ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Bayan an sauke mota, kafin ta motsa ko taku ɗaya, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri, domin takun farko bayan irin wannan aikin yakan tafi har ƙasa ba tare da ya kama ba.

Idan gareji za a kai

Bayani mai kyau yana rage kashe kuɗi. Maimakon "motar tana ƙara a baya", mai mota ya ce: "Oga, a kan gargada take yi, ta gefen dama, kuma da na ɗora ƙafa a birki sai ta ɗauke. Ga bidiyon." Ya roƙi a cire tayoyin biyu a gabansa a kwatanta, domin gefen da ba ya ƙara shi zai nuna abin da ya ɓace a ɗayan. Idan aka ce za a naɗe fin da tef, ko a cusa gutsuren gwangwani ko robar tayar keke a kunnen fad, ya ƙi yarda. Ƙarar za ta tsaya na ɗan lokaci, amma abin da aka cusa na iya hana fad komawa baya, birki ya riƙa ci yana zafi.

Ana sayar da kilif, fin da robobinsu a matsayin saiti, kuma fad mai kyau yakan zo da nasa kilif ɗin a cikin kwali. Mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ya tafi da tsohon a hannu, da hoton lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, saboda mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da kalifa daban, gwargwadon ƙasar da aka ƙera ta dominta. Idan ramin fin ne ya buɗe, sabon fin ba zai magance ba, sai an canza mariƙin gaba ɗaya, kuma na Beljiyam mai kyau yana yi, in dai an zura fin ɗin an girgiza an ji ba ya wasa kafin a biya. Bayan an gama, a koma hanyar nan da aka ɗauki bidiyon farko, da gudu ɗaya, a sake ɗauka a saurari biyun a jere.